Jalingo da Hanyar Wukari: Fadar Muri, Dutsen Kona da Gadon Kwararrafa

Baƙon da ya saba da biranen sarauta na ƙasar Hausa, wanda idonsa ya koyi neman ganuwa da ƙofofinta kamar na Kano, ko hasumiya irin ta Gobarau a Katsina, ko sorayen laka irin na fadar Zazzau, yakan isa Jalingo ya ga kamar ba a birnin sarki yake ba, domin abin da ke fara tarbarsa shi ne ofisoshin gwamnati da gidajen mai da shagunan zamani da ke jere a bakin titi. Dalilin haka a fili yake, wato garin yaro ne idan aka jera shi da waɗancan birane, tun da ba a kafa shi ba sai a shekarar 1893, lokacin da Gidan Rumfa na Kano ya riga ya haura shekara ɗari huɗu a tsaye. Sarautar da ke zaune a cikinsa kuwa ta girme shi, al'ummar da aka ci da yaƙi kafin a kafa shi ta girmi sarautar, kuma daular da wannan al'umma ke danganta kanta da ita ta taɓa firgita Kano da kanta. Saboda haka abubuwan da suka cancanci gani a nan sun fi yawa a wajen gari, a kan duwatsu da bakin koguna da hanyar da ta nufi kudu maso yamma zuwa Wukari.

Jalingo tana zaune ne a gindin jerin duwatsun Shebshi, a kudu da kogin Binuwai, kuma ƙananan koguna biyu, Lamurde da Mayo Gwoi, suna ratsa yankinta, su cika su tumbatsa da damina, su koma yashi da 'yan kududdufai idan rani ya yi nisa. Ta zama babban birnin jiha ne a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar jihar Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, kuma daga wannan rana ne garin ya fara faɗaɗa da saurin da ya binne tsohon tsarinsa a ƙarƙashin sababbin unguwanni. Mazaunansa sun haɗa da Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa da Jenjo da Wurkum da wasu da dama, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na tasha, ko da yake Fulatanci bai bar fada da tsofaffin gidaje ba.

Asalin masarautar Muri yana komawa ne ga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta hannun Buba Yero, wanda ya karɓi tuta ya kafa masarautar Gombe. Ɗan'uwansa Hammaruwa ne ya jagoranci yaƙi a ɓangaren kudu, ya zauna a garin Muri da ke arewa da Binuwai, a gindin duwatsun da ke ɗauke da wannan suna, a wajajen shekarar 1817, yana mulki a matsayin wakilin Gombe. Zumuncin bai ɗore ba, domin a 1833 Buba Yero, wanda tsufa ya cim masa kuma yake fargabar ƙasar za ta kuɓuce daga hannun 'ya'yansa, ya sa aka kashe Hammaruwa, abin da ya jawo Muri ta ɓalle daga Gombe ta koma kai mubaya'arta Sakkwato kai tsaye. A wannan tsohon gari ne, wanda Turawa suka riƙa kira da sunan Hammaruwa kansa, likitan nan William Baikie da Samuel Ajayi Crowther suka sauka a 1854, a tafiyarsu ta jirgin ruwa mai suna Pleiad, suka gana da sarkin lokacin. Tsohuwar Muri tana nan har yau a ƙaramar hukumar Karim Lamido, sai dai isa gare ta daga Jalingo yana buƙatar ƙetare Binuwai, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin masu yawon buɗe ido suke ɗaukar wannan wahala, alhali a can ne tushen gidan sarautar yake. Sunan wanda ya kafa gidan ya fi sauƙin samu a Jalingo, inda ɗaya daga cikin manyan titunan gari yake ɗauke da shi.

Zuriyar Hammaruwa ba ta zauna wuri ɗaya ba. 'Ya'ya da jikoki sun ƙetara kudancin kogi, kowa ya kafa nasa gari da nasa dakaru, kamar Gassol da Bakundi, suna amsa sunan Muri a baki amma sau da yawa kowa na cin gashin kansa, har wani lokaci su ɗaga wa juna takobi a kan gadon sarauta. Wannan rarrabuwa ita ce ta sa masarautar ba ta gina babban birni guda mai ganuwa da ya tara dukiya da malamai da masu sana'a tsawon ƙarni ba, kamar yadda Bauchi ta yi, kuma ita ce yanayin da Sarki Muhammadu Nya ya tarar lokacin da ya hau gadon mulki a 1874.

Nya ya yi mulki a zamanin da kogin Binuwai ya zama fagen gasa tsakanin Ingila da Faransa. Kamfanin Neja na Turawan Ingila, wanda George Goldie ke jagoranta kuma gwamnatinsu ta ba shi takardar izinin mulki da ciniki a 1886, yana da babbar tasha a Ibi, yana kuma ɗaukar kansa mai iko da duk wani ciniki a kan kogin, lamarin da ya sa dangantakarsa da Sarkin Muri ta yi tsami. Ana cikin haka wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Laftanar Louis Mizon, ya hauro kogin a 1892 da jirage biyu masu aiki da tururi, yana nufin Yola, sai ɗaya daga cikin jiragen ya kafe a yashi a yankin Muri. Mizon ya mai da wannan tsaiko abin amfani, ya ƙulla yarjejeniya da Nya wadda a ganinsa ta sa masarautar a ƙarƙashin kariyar Faransa, shi kuwa sarki abin da yake bukata daga baƙon a bayyane yake, wato bindigogi da igwa. Akwai wani gari na Jukunawa mai suna Kona, wanda ya dogara da duwatsunsa ya gagari dakarun Muri shekaru da dama, yana kuma tare hanyar fatake da ta nufi kudu. A ƙarshen Disamban 1892 igwar Mizon ta yi abin da dawaki da masu suka kasa, garin ya faɗi, aka kashe waɗanda aka kashe, aka kama jama'a masu yawa aka bautar da su. Kamfanin Neja ya kai ƙara Landan, Landan ta matsa wa Faris, aka janye Mizon a 1893, yarjejeniyarsa ta bi ruwa. Abin da ya rage daga wannan lamari shi ne sansanin yaƙin da Nya ya kafa kusa da Kona domin ya riƙe ƙasar da ya ci, ya kuma fuskanci Mumuye da ke cikin duwatsun gabas, kuma wannan sansani ne ya zama Jalingo.

Don haka wanda yake son ya fahimci garin zai fi kyau ya fara da Kona kafin ya je fada, ko da yake al'adar ziyara ta saba da akasin haka. Kona tana 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiyar Jalingo, har yaɗuwar gari ta kusa haɗe su, kuma mutanenta, waɗanda ke kiran kansu Jiba, suna nan da sarkinsu mai laƙabin Kuru, da harshensu wanda reshe ne na Jukunanci, da bukukuwansu na noma. Wanda ya tsaya a gindin dutsen ya ɗaga kai zai gane dalilin da ya sa mahaya suka kasa hawansa, wanda kuma ya hau ya dubi filin da ke shimfiɗe har zuwa kwarin Binuwai zai gane dalilin da ya sa sarki ya ƙi haƙura da shi. Ya kamata baƙo ya sani cewa labarin 1892 iri biyu ne a bakin mutane, domin abin da ake faɗa a fada a matsayin nasara ana tuna shi a Kona a matsayin masifa, kuma takaddamar ƙasar noma da ta sarauta tsakanin al'ummomin yankin ba ta mutu ba, har ta kai ga zubar da jini a ƙauyukan da ke kewaye a 2019. Neman izinin dattawa kafin hawa dutsen wajibi ne, domin akwai wuraren da ake tsafi a cikinsu waɗanda ba a yarda baƙo ya taka ba.

Fadar Sarkin Muri tana cikin tsohon gari, kuma tsarin wurin shi ne wanda aka sani a sauran masarautun daular Usmaniyya, wato ƙofar fada da fili a gabanta, da masallaci a kusa, da dogarai masu tsaron ƙofa, da fadawa da masu neman ganin sarki suna jira a inuwa. Ginin na zamani ne, kuma mai neman tsohon zanen bango ko ɗaurin guga irin na magina Hausawa ba a nan zai same shi ba. Abin da ya fi ginin ba da labari shi ne unguwannin da ke kewaye da shi, waɗanda har yau a takardun zaɓe suke amsa sunayen Turaki da Majidaɗi da Barade da Sarkin Dawaki da Sintali da Kachalla Sembe. Waɗannan duka muƙamai ne na fada da na yaƙi: Barade su ne mahaya na gaba-gaba, Sarkin Dawaki shi ne shugaban rundunar dawaki, Kachalla kuwa muƙami ne da aka aro daga Barno, wanda galibi ake bai wa bawan sarki mai jagorantar mayaƙa. Jerin sunayen yana nuna yadda aka yanka sansanin tun farko, kowane jarumi da nasa ɓangare da mutanensa, sarki a tsakiya. Lokacin da ya fi dacewa a ga wannan tsari yana motsi shi ne ranar hawan Salla, sa'ad da hakimai da masu riƙe da sarautu suke fitowa bisa dawaki, kowa da tawagarsa, su zo su yi jafi, wato gaisuwar da mahaya ke yi da ɗaga hannu ko mashi bayan sun sako dawaki a guje sun ja linzami a gaban sarki.

Nya ya rasu a 1896, kuma shekaru kaɗan bayan haka Turawan Ingila suka shigar da masarautar cikin mulkinsu ba tare da wani babban yaƙi irin na Kano ko Burmi ba. Sarkin da ya daidaita zaman Jalingo a matsayin mazaunin sarauta shi ne Muhammadu Mafindi, wanda ya yi kimanin shekara hamsin a kan gado, daga 1903 zuwa 1953, kuma a zamaninsa ne, a 1926, aka rushe lardin Muri, aka haɗa masarautar da Yola a sabon lardin Adamawa, aka kuma mai da Wukari da Ibi lardin Binuwai. Wannan rabo ya raba Jalingo da Wukari ta fuskar mulki har tsawon shekara hamsin, sai da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976 suka sake haɗuwa. Wani abin da tsofaffin garin ba su manta ba shi ne tuɓe Sarki Umaru Abba Tukur da gwamnan soja na Gongola, Yohanna Madaki, ya yi a 1986, lamarin da ya girgiza sarakunan Arewa baki ɗaya ya kuma daɗe a gaban kotu. Alhaji Abbas Njidda Tafida ne ya hau gadon a 1988.

Sauran abubuwan da ake nuna wa baƙo a cikin gari, kamar filin wasa na Jolly Nyame, wanda aka sa wa sunan gwamnan farar hula na farko a jihar, da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, ba su bambanta da takwarorinsu na sauran manyan biranen jihohi ba. Kasuwa ta fi su amfani ga mai son sanin ƙasar, domin a nan ne doyar Mumuye da ake kawowa daga wajajen Zing take haɗuwa da busasshen kifin Binuwai da nonon Fulani. Su Mumuyen nan su ne masu sassaƙa gumakan itace dogaye masu lanƙwasassun hannuwa, waɗanda tun daga ƙarshen shekarun 1960 dillalai suka yi ta kwashewa zuwa Turai, har ya zama yau ya fi sauƙi a ga mafi kyawunsu a gidajen tarihi na Faris ko na Amurka fiye da a Taraba.

Daga Jalingo zuwa Wukari tafiyar kimanin kilomita ɗari biyu ce, ta Mutum Biyu, wadda ita ma ta taɓa zama mazaunin sarakunan Muri, sannan Tella, inda hanya ke ƙetare kogin Taraba da jihar ta ci sunansa kuma masu kifi suke tare matafiya, sannan a ƙetare kogin Donga kafin a shiga ƙasar Jukunawa sosai. Ga mai karatu Bahaushe, wannan ita ce ƙasar da littattafan firamare suka sa a jerin Banza Bakwai da sunan Kwararrafa, jerin da ya rage wa daular daraja fiye da yadda tarihin Kano kansa ya yarda. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ambaci cewa a zamanin Kananeji, a farkon ƙarni na 15, Kwararrafa tana aiko wa Kano da bayi, Kano kuma tana aika mata da dawaki, amma daga baya al'amari ya juye: a zamanin Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, mayaƙanta sun ci ƙasar Kano har mutanen birni suka gudu, suka sake dawowa a zamanin Kukuna a wajajen 1653, da kuma zamanin Dadi a wajajen 1671. Sun kai hari Barno ma, inda Mai Ali ya kore su, nasarar da malamin Katsina Ɗan Marina ya yi wa waƙar yabo da Larabci. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko Kwararrafa daula ce guda mai sarki ɗaya ko kuwa ƙawance ne na al'ummomi da yawa na kwarin Gongola da Binuwai, da kuma ko Wukari ce magajiyarta kai tsaye, amma a wurin Jukunawa babu wata tantama, Aku Uka, wato sarkin Wukari, shi ne magajin wannan gado, kuma al'ummomi da dama a jihohin Filato da Nasarawa da Binuwai da Gombe suna danganta asalinsu da shi.

Sarautar Aku wata iri ce dabam da wadda aka bari a Jalingo, kuma baƙon da ya shiga fadar Wukari da ma'aunin fadar Fulani zai yi kuskuren fahimtar abin da yake gani. Sarkin Muri ya samo ikonsa ne daga tuta da takobi da shari'a, shi kuwa Aku, bisa al'adar gargajiya, tsani ne tsakanin jama'a da abin bautarsu, a hannunsa ruwan sama da irin shuka da albarkar gona suke, saboda haka aka kewaye shi da hane-hane: ba a ganin yana cin abinci, ba a cewa ya yi rashin lafiya, ba a kuma cewa ya mutu. Jami'in mulkin mallaka C. K. Meek, wanda ya zauna a cikinsu ya wallafa littafi a kansu a 1931 mai suna A Sudanese Kingdom, ya bayyana yadda majalisar manya ƙarƙashin Abon Achuwo, wanda matsayinsa ya yi kama da na waziri, take iya taka wa sarki birki, da kuma matsayin Angwu Tsi, mace mai sarauta wadda ke da gidanta da mutanenta. Meek ya yi ƙoƙarin danganta waɗannan al'adu da Misira ta zamanin Fir'auna, ra'ayin da ya dace da tunanin Turawan zamaninsa waɗanda ke ganin duk wani tsari mai zurfi a Afirka daga waje ya zo, kuma masana na baya sun yi watsi da shi, ko da yake bayanan da ya tattara suna da amfani har yanzu.

Cewa waɗannan al'adu ba a littafi kaɗai suka rage ba ya bayyana bayan rasuwar Aku Uka Shekarau Angyu Masa Ibi, Kuvyo na Biyu, wanda ya hau a 1976 ya yi shekara 45 yana mulki har zuwa Oktoban 2021. A Janairun 2022 aka yi masa bikin Pankya, wato rakiyar sarki zuwa Nando, makomar sarakunan da suka gabata, inda dubban Jukunawa suka fito ɗaure da zanen gargajiya mai shuɗin baba, kafaɗu a buɗe, aka fitar da shi daga gari a kan doki. Manu Ishaku Ada Ali ne ya gaje shi a matsayin Aku na 25. A ranakun da ba na biki ba, abin da baƙo zai iya gani shi ne ƙofar fada, da tafkin Marmara wanda kadojinsa ke da alfarma a wurin mutanen gari har ba a taɓa su, da kuma Puje a bayan gari, wurin da ake babban bikin da Aku ke fita ya sabunta alƙawari tsakaninsa da jama'a da ƙasa, wanda shi ma yawancinsa a rufe yake ga wanda ba a tsarkake ba.

Akwai wata al'umma a Wukari da ta cancanci Bahaushe ya neme ta, wato Abakwariga, zuriyar Hausawan da suka zauna cikin Jukunawa tun ƙarnoni da suka wuce, suka riƙe saƙa da rini da fatauci, suka kuma shiga cikin hidimar fada har suka zama wani ɓangare nata. Abin da ya kawo kakanninsu kudu shi ne ciniki, musamman gishirin da ake dafawa a Akwana da Awe da Keana, da tozalin da ake haƙowa a Arufu, kayayyakin da sarakunan Jukun suka daɗe suna karɓar haraji a kansu kuma ayarin fatake ke kaiwa har kasuwar Kurmi. Garin na yau, wanda ya sami jami'ar tarayya a 2011, ya sha fama da rikice-rikice, na Tibi da Jukun a farkon shekarun 1990 da 2001 da 2019, da na cikin gari a 2013 da 2014, kuma matafiyi mai hankali yakan tambayi halin da hanya take ciki tun kafin ya bar Jalingo.

Wanda ya kai Wukari bai kamata ya juyo ba tare da ya ƙarasa Ibi ba, wadda ke arewa da ita a bakin Binuwai. A nan ne Kamfanin Neja ya yi babbar tasharsa ta kogin Binuwai, a nan ne lardin Muri ya taɓa yin hedikwata, ta nan ne kuma 'yan mishan na ƙungiyar Sudan United Mission, ƙarƙashin Karl Kumm, suka shigo a 1904 kafin su bazu zuwa Wase da Wukari. Kusa da garin akwai tafkin Nwonyo, inda ake bikin kamun kifi irin na Argungu, da tseren kwale-kwale da ninƙaya, a shekarun da gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinsa. Ana yin bikin ne da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ne hanyoyin yankin suka fi biyuwa, domin da damina kogunan Taraba da Donga da Binuwai sukan malale gaɓoɓinsu su yanke ƙauyuka da dama daga babbar hanya.